Zane a Intanet da Zane a Kwamfutar Gida: Amfani da Illar Kowanne



Gabatarwa

Ina godiya ga kwamitin shirya laccoci da ya ga dacewar a ba ni wannan dama in tsaya a gabanku. Batun da aka ɗora mini shi ne in yi bayani a kan hanyoyi biyu da ake bi a yi zane da na'ura a wannan zamani, watau yin zanen a kan intanet, da kuma yin sa da manhajar da mutum ya girka a cikin kwamfutarsa, in kuma faɗi amfani da illar kowanne.

Wataƙila wani ya ce ai wannan magana ce ta samari masu buga katin ɗaurin aure, me ya kawo ta jami'a? To, sai mu tuna taswirar filayen da ake rabawa a nan Birnin Kebbi zane ce. Tsarin ginin aji ko ɗakin shan magani zane ne, haka kuma hanyoyin ruwa da ake fitarwa a fadamar Argungu domin noman shinkafa. Duk wanda ya taɓa ganin irin rigimar da ɓatan taswirar fili ɗaya take haddasawa tsakanin maƙwabta ko magada, ya san inda ake ajiye zane ba ƙaramar magana ba ce. Saboda haka abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kafin ɗalibi ko ma'aikaci ya tambayi wace manhaja ta fi daɗin aiki, wajibi ne ya fara tambayar kansa: in na gama wannan aiki, a hannun wa zai kwana?

Asalin Hanyoyin Biyu

Zane ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kafin maɗinki ya sa allura a babbar riga, sai mai zane ya fitar masa da aska biyu ko aska takwas a jikin yadi. Magini yakan zana dagi a fuskar zaure, malami kuma yakan yi wa allon ɗalibinsa zayyana. Abin da ya haɗa su duka shi ne alƙalami da tawada nasu ne, abin da suka zana kuma yana nan a gabansu.

Yin zane da na'ura kuwa ya samo asali ne a Amurka, inda a shekarar 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya ƙirƙiro Sketchpad, wadda ake zane da ita a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai aiki da haske. A 1982 aka fito da AutoCAD domin injiniyoyi da masu zanen gini. CorelDRAW ta biyo baya daga Kanada a 1989, sa'an nan Photoshop a 1990. Waɗannan ukun a faifai ake sayar da su a lokacin. Mutum ya biya sau ɗaya, ya girka a kwamfutarsa, aikin da ya yi kuma a cikin kwamfutar yake zama. Watau dai tamkar ka sayi garma ka kai gida.

Hanya ta biyu ba ta daɗe da bunƙasa ba. Canva ta fito daga Ostareliya a 2013, Figma kuma aka buɗe ta ga jama'a a 2016. A nan ba ka girka kome. Za ka buɗe burauza, watau manhajar da ake shiga intanet da ita, ka rubuta sunanka da kalmar sirri, sai kayan aiki su bayyana a gabanka. Abin da ka zana kuwa ana tura shi ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin. Turawa suna kiran wurin nan gajimare, alhali kuwa ɗakuna ne cike da na'urori a ƙasashen wasu mutane, ƙarƙashin dokokinsu.

Amfanin Zane a Intanet

Amfani na farko shi ne sauƙin shiga. Manyan manhajojin da ake girkawa suna bukatar kwamfuta mai ƙarfi, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin ɗalibanmu. Amma ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, in an tura ta koyarwar gwaji, za ta iya zana wa 'yan ajinta sassan furen shinkafa da wayar hannunta kawai, ba tare da ta biya ko kwabo ba in ban da kuɗin data. Wannan ci gaba ne na gaske, kada kowa ya raina shi.

Na biyu, aiki tare. Mu ɗauki misalin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa a 2016. A ce za a zana fostar bikin. Mai zane yana Birnin Kebbi, wakilin masarauta yana Argungu, kamfanin da zai ɗauki nauyin bugu kuma yana Legas. A da sai an buga gwaji, a ba direba ya kai, a gyara da biro, a komo da shi. Yanzu kuwa su ukun za su buɗe zane ɗaya a lokaci ɗaya, kowa yana ganin gyaran da ɗan'uwansa yake yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan kuwa manhajojin intanet sun yi wa na gida fintinkau.

Na uku, ajiya. Ƙasarmu ƙasa ce mai zafi da ƙura, ga kuma wutar lantarki da takan zo da ƙarfin da ya wuce kima, ba kuwa abin da yake kashe kwamfuta kamar waɗannan uku. Na taɓa yin aiki da wani ofis inda aka tara zanen gine-gine na shekaru da dama a cikin kwamfuta guda. Rannan aka kawo wuta da tsakar dare, gari ya waye na'urar ta ƙone, ba kuwa wanda ya taɓa tunanin yin kwafi. Sai da aka koma ana bin 'yan kwangila gida-gida ana roƙon takardun da aka ba su. Da a intanet aka yi aikin nan, da sabuwar kwamfuta kawai za a saya a ci gaba.

Illolin Zane a Intanet

Illa ta farko a fili take: in babu sabis, babu aiki. Ba kuwa abin da ya fi wannan faruwa a wurinmu. A ranar 14 ga Maris, 2024, wasu manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, sai ga bankuna da ofisoshi a Nijeriya sun yi cirko-cirko, aka kuma yi makonni kafin a gama gyara. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a maƙwabciyarmu Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ana haka. Ko da lafiya lau ake, ma'aikacin gona da aka tura ya auna gonakin da ruwa ya ci a fadamar Gulbin Rima, kamar yadda aka yi fama bayan ambaliyar 2020, ba ko'ina zai sami sabis ba. Har ila yau data ba kyauta ba ce, a watan Janairu na 2025 ma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Illa ta biyu, kuɗin haya. Abin da ake bayarwa kyauta ɗanɗano ne. Da zarar mutum ya nemi kayan aikin ƙwararru, sai a ce ya riƙa biya wata-wata, farashin kuma da dala ake auna shi. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A ce hayar manhaja dala 10 ce a wata. Wanda yake biyan naira 4,600 sai ya wayi gari ana neman naira 15,000 a wurinsa, alhali ba abin da ya ƙaru a albashinsa. In kuwa ya kasa biya, wasu kayan da ya yi amfani da su cikin tsofaffin zanensa sai su kulle.

Illa ta uku, mai gida yana iya rufe ƙofarsa. A ƙarshen 2024 kamfanin Google ya rufe allon zanensa mai suna Jamboard, wanda makarantu da yawa suka dogara da shi, kamfanin InVision shi ma ya rufe nasa dandalin zane a wannan lokaci. An ba mutane wa'adi su kwashe kayansu, wanda bai kwashe ba kuwa ya yi hasara.

Illa ta huɗu ta fi shafar ma'aikatan gwamnati, ita ce maganar sirri. A watan Mayu na 2019 ɓarayin intanet suka kutsa cikin Canva, suka kwashi bayanan masu amfani da ita kimanin miliyan 139. Ma'aikacin da ya ɗora taswirar gidan gwamnati, ko katin shaidar ma'aikata da sunayensu da hotunansu, a irin wannan wuri, ya fitar da kayan hukuma ke nan zuwa wata ƙasa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuwa ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane waje, ya kamata kowane Darakta ya san da ita.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Waɗannan manhajoji suna zuwa da dubban zubi da aka riga aka shirya, mutum ya sauya suna da kwanan wata kawai. Sauƙi ne, amma sakamakonsa shi ne katin biki na Argungu ya zama bai da bambanci da na kowane gari a duniya. Masuncinmu da homarsa da gorarsa a bakin Matan Fada, wanda ya gan shi ne kaɗai zai zana shi daidai. In ɗalibanmu suka saba da ɗauko na wasu, hannunsu zai mutu.

Manhajar da Aka Girka

Amfanin wannan hanya shi ne kishiyar abin da na ambata. Muddin akwai batir ko sola, aiki ba ya tsayawa, ko a tsakiyar fadama ne. Tana ɗaukar aiki mai nauyi, kamar taswirar gari sukutum ko tsarin gini mai hawa da yawa, wanda zai sa burauza ta yi ta numfarfashi. Fayil kuma yana hannunka. Bugu da ƙari, yawancin maɗaba'unmu, daga nan har Sakkwato da Kaduna, da CorelDRAW suka saba, wanda ya kai musu aiki da ita ba ya shan wahala.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi bugu waɗanda ya kamata in tsaya a kansu. Na ɗaya launi. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, amma injin bugu da tawada huɗu yake aiki. Shi ya sa koren da ya yi maka kyau a waya yakan fito a takarda kamar ganyen da ya kwana. Manhajojin ƙwararru suna ba mai zane ikon daidaita launi da tawadar bugu tun daga farko, a wasu na intanet kuwa sai wanda ya biya yake samun wannan. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Da yawa daga cikin salon rubutun da Turawa suka ƙera ba su da su. Kowa a nan ya taɓa ganin katin gayyata da aka rubuta "manyan baki" a maimakon "manyan baƙi", ko "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". Wanda ya girka manhaja a kwamfutarsa yana da ikon sa mata salon rubutun da ya ga dama, har da na ajami. A intanet kuwa sau da yawa sai abin da aka ba ka, ko kuma ka biya a bar ka ka ɗora naka.

To, amma ita ma wannan hanya tana da nata aibu. Na riga na faɗi tsadar kwamfuta da haɗarin ƙonewarta. Sai kuma abin da kowa ya sani amma ba a son faɗi: yawancin manhajojin da ke cikin kwamfutocin ɗalibanmu, har da na wasu ofisoshi, na sata ne. A kasuwa ake zuba su da 'yan kuɗi kaɗan. Wannan keta dokar haƙƙin mallaka ne, sa'an nan sau da yawa irin waɗannan manhajoji suna zuwa da ƙwayar cutar kwamfuta a ɓoye. Wani ɗalibina ya rasa zanen kundinsa na kammala karatu ana saura mako biyu ya miƙa, ta wannan hanya. Araha ba ta ado.

Abu mafi muhimmanci kuma shi ne, girka manhaja a yau ba ya nufin ka mallake ta. Tun 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya daina sayar da sababbin manhajojinsa saye na har abada, ya koma haya. Kamfanin Autodesk, mai AutoCAD, ya bi sahu a 2016. Manhajar tana cikin kwamfutarka, amma lokaci-lokaci sai ta leƙa intanet ta tabbatar ka biya. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da mutanen Benezuwela cewa zai rufe musu asusunsu duka saboda takunkumin da Gwamnatin Amurka ta sa wa ƙasarsu. Daga baya ya sami izini ya janye, amma darasin ya riga ya fito: mai zane a ƙasa mai rauni yana iya rasa kayan sana'arsa saboda rigimar da ba ruwansa da ita.

Hanya ta Uku

Bisa ga haka, rabon da ya fi dacewa mu yi shi ne tsakanin kayan haya da kayan mallaka. Akwai manhajoji da masana daga ƙasashe dabam-dabam suka taru suka rubuta, suka bar su kyauta ga kowa, halal, ba sata. GIMP, wadda ta fito a 1996, tana gyaran hoto. Inkscape, ta 2003, tana irin aikin CorelDRAW. QGIS, wadda aka soma a 2002, ta zana taswira ce, hukumomi da jami'o'i da yawa a duniya da ita suke aiki. Akwai kuma Krita ta masu zanen hannu, da FreeCAD ta injiniyoyi. Ba kuɗin wata, ba kuma mai rufe maka su daga nesa.

Ba zan ɓoye muku ba, su ma ba su cika goma ba. Wanda ya saba da wata manhaja zai sha wuya kafin hannunsa ya faɗa da su, a wasu ayyukan ba su kai na kuɗi ƙwarewa ba, kuma kamfanin gini da zai ɗauki ɗalibinmu aiki AutoCAD zai tambaye shi. Amma ga mafi yawan aikin da ake yi a makarantunmu da ofisoshinmu, sun isa har sun yi saura.

Shawarwari

Shawarata ta farko ita ce a raba aiki gida biyu. Akwai aikin kwana bakwai, kamar sanarwar taro da fosta da katin gayyata. Wannan a yi shi a intanet, ya fi sauri, in ya ɓace kuma ba a yi hasarar kome ba. Akwai kuma aikin shekara hamsin, kamar taswirar filaye, da tsarin gine-ginen gwamnati, da tambarin hukuma, da kundin ɗalibi. Wannan a yi shi da manhajar da aka girka, a kuma riƙe shi a gida.

Ta biyu, ko da wace manhaja aka yi aiki, a fitar da kwafinsa a sigar da kowace manhaja take iya buɗewa, kamar PDF da SVG da DXF. A ajiye kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya a wani gini dabam, ɗaya a intanet in ba na sirri ba ne. Taswirar fili kuwa a buga ta a takarda, a sa hannu, a sa a fayil.

Ta uku, duk asusun da za a buɗe domin aikin ofis, a buɗe shi da sunan ofis. In ƙaramin ma'aikaci ya buɗe da sunansa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, ya tafi da mabuɗin ke nan.

Ta huɗu ga malamai 'yan'uwana ne, na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da jami'ar jiha da ke Aliero. Mu koya wa ɗalibai ƙa'idar zane kanta, watau awo da ma'auni da daidaita launi da tsara rubutu, kafin mu koya musu inda ake latsawa. Manhajar da ake yayi yau ba lalle ta kai shekara goma ba, amma wanda ya san ƙa'ida zai koyi kowace cikin 'yan makonni. Mu kuma girka musu na kyauta a ɗakunan kwamfuta, domin mu raba su da na sata.

Kammalawa

Mai girma Shugaba, littattafan da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a Gwandu kusan shekara 200 da suka wuce, har yau ana ɗaukar kwafinsu na hannu a karanta, ba mai neman izinin kowa. Wanda ya je Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka buɗe a 1958 a tsohuwar fada, zai ga kayan da magabata suka bari, domin an sami waɗanda suka riƙe su. Ya kamata mu tambayi kanmu ko taswirar da muka zana bana, jikokinmu za su iya buɗe ta. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Zanen ɗaurawa suke nufi, amma a ganina maganar ta hau kan namu zanen daidai. Mu yi aro inda aro yake da amfani, ba laifi, amma abin da jiha za ta nema bayan ba mu, mu tabbata yana cikin rumbunmu.

 Allah ya sa mu dace.